Tanis, Littafi da Hawan Dutse: Ra'ayina Game da Abubuwa Masu Cin Lokaci

Abubuwa uku ne nake ba lokacin hutuna, wato kallon wasan tanis na ƙwararru, da mutala'ar littattafai, da takawa a kan duwatsu. Kuma ko da yake wanda ya ji an jera su wuri guda yana iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, ni a ganina asalinsu ɗaya ne, domin kowannensu yakan kaɗaita mutum da wani aiki mai tsawo wanda ba mai ɗauke masa, har abin da ke ɓoye cikin ɗabi'arsa ya fito fili. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, na lura zamanin nan ya ɗaura ɗamarar gajarta dukkan ukun, alhali ba kowace gajartawa ce alheri ba.

Ga wanda bai saba da tanis ba, mutum biyu ne ke tsayawa da raga a tsakaninsu, suna mayar wa juna 'yar ƙwallo har ɗaya ya kasa. Manyan gasanninsa huɗu ne a shekara: ta Ostareliya, da ta Faransa wadda ake yi a kan jar ƙasa, da Wimbledon ta Ingila wadda ake yi a kan ciyawa tun 1877, da kuma ta Amurka. A waɗannan gasanni maza suna yin turmi har biyar, wanda ya riga cin uku shi ke da nasara, kuma kowane turmi sai an ci ƙananan wasanni shida da ratar biyu, in ban da inda aka kai 6 da 6 aka yi gajeren wasan raba gardama, wanda a da ba a yin sa a turmin ƙarshe na Wimbledon. Babban abin da ya bambanta shi da ƙwallon ƙafa shi ne babu agogon da zai cece ka. Wanda ke kan gaba ba shi da ikon ɓata lokaci har a busa tashi, tilas ne ya ci makin ƙarshe da hannunsa, kuma sau da yawa a nan ne hannun gwani ke rawa.

Saboda haka ne aka ga abin al'ajabi a Wimbledon a 2010, inda John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa suka shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68. A 2018 kuma Isner ɗin ya sake yin irin wannan da Kevin Anderson na Afirka ta Kudu, suka tashi 26 da 24 a turmi na biyar, Anderson ya isa wasan ƙarshe a galabaice, Novak Djokovic ya doke shi ba tare da wata wahala ba. Lalle masu cewa a sa iyaka suna da hujja, domin 'yan wasa jiki ne da jini, kuma ba adalci ba ne a gajiyar da mutum dab da ranar da ya yi shekaru yana jira. Hukumar Wimbledon ta yi hukunci mai kyau a 2019, da ta ce idan turmin ƙarshe ya kai 12 da 12 sai a yi gajeren wasan raba gardama, kuma a shekarar ce Djokovic ya ci Roger Federer ta wannan hanya, bayan Federer ya sami dama har biyu ta gama wasan bai gama ba. Amma da aka zo 2022 gasannin huɗu suka haɗu a kan a raba gardamar tun daga 6 da 6, sai na ga an wuce gona da iri. Domin da wannan doka tana aiki a 2008, da ba a ga yadda Rafael Nadal da Federer suka ja turmi na biyar zuwa 9 da 7 duhu yana rufe fili ba, wasan da har yau masana da yawa ke ɗauka babu kamarsa.

Wani canjin da ya fi wannan damuna shi ne halatta wa mai horarwa ya riƙa ba ɗan wasansa shawara ana cikin wasa, abin da a da haramun ne, har aka yi wa Serena Williams gargaɗi a kansa a wasan ƙarshe na gasar Amurka a 2018. Kyan tanis a wurina shi ne mutum ya ga dabararsa ta rushe a gaban dubban jama'a, ya nemo wata daga cikin kansa, ba mai raɗa masa a kunne.

Littattafan 'yan wasan ma sun ƙara mini yaƙini a kan haka. Andre Agassi, wanda ya ci manyan gasanni 8, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 2009 cewa ya daɗe yana ƙin wasan da mahaifinsa ya tilasta masa tun yana yaro, kuma wanda ya karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe zai fahimci irin kaɗaicin da ke bayan kofunan da muke gani. Arthur Ashe kuwa, baƙar fatar da ya ci Wimbledon a 1975, bayan ya ajiye wasa sai ya zauna ya rubuta tarihin baƙaƙen 'yan wasan Amurka mujalladi uku, aka buga a 1988. Irin waɗannan littattafai ne yanzu ake tatsewa a mayar da su shafi biyu a wayar hannu, a ce wa mutum ya karanta. Malamanmu sun riga mu sanin haɗarin wannan, domin Muhtasar na Shaihu Halilu, duk da albarkarsa, ƙanƙantar lafazinsa ce ta sa ba a karanta shi sai a gaban malami, kuma aka yi ta rubuta masa sharhi mujalladi bayan mujalladi. Taƙaitawa tana amfanar wanda ya riga ya sha wahalar dogon karatu, amma wanda ya fara da ita yakan fita da suna ne kawai ba tare da ma'ana ba.

Hawan dutse shi ma bai tsira ba. A ƙasar Sikotlan akwai duwatsu 282 da tsayinsu ya haura ƙafa 3,000, waɗanda ake kira da sunan Hugh Munro, mutumin da ya fara lissafa su a 1891, kuma akwai jama'a masu yawa da himmarsu ita ce su taka ƙololuwar kowanne su soke shi daga takarda, wasu ma da gudu suke yi don a ce sun fi kowa sauri. Ban raina himmarsu ba, amma zuciyata ta fi karkata ga wata malama mai suna Nan Shepherd, wadda ta yi rayuwarta tana komawa duwatsun Cairngorm, ta rubuta ɗan littafi a kansu a shekarun 1940, ta ajiye shi fiye da shekara talatin kafin a buga a 1977. Ita abin da ta nema shi ne sanin dutsen, ruwansa da hazonsa da tsirransa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Haka nan Alfred Wainwright na Ingila ya rubuta littattafai bakwai da hannunsa, zane da rubutu duka, tsakanin 1955 da 1966, yana bayanin hanyoyin duwatsu 214 waɗanda ya taka ɗaya bayan ɗaya.

Mu ma a nan ba mu rasa wuraren yin wannan tafakkuri ba, tun daga Dala a Kano da Kufena a Zariya, zuwa duwatsun Shere kusa da Jos, har Chappal Waddi na jihar Taraba wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Shawarata ga mai son farawa ita ce ya zaɓi wanda ya fi kusa da gidansa, ya fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, da gorar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, ya sanar da mutanen gida inda ya nufa, sa'an nan ya riƙa komawa dutsen nan guda cikin hunturu da bazara da damina.