Tiyon Lagireto Mai Yawan Yoyo

Kai mai tsohuwar mota, wataƙila ka taɓa tashi da safe ka iske ruwa ya ɗiga a ƙarƙashin inji. Ka ƙara ɗaure kilif, yoyo ya tsaya kwana biyu, sa'an nan ya komo. Kada ka raina wannan ɗigo. Ruwan nan shi ke kwashe zafin inji. In ya ƙare a kan hanya inji ya ƙone, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba.

Dalilin yoyo

Ka sani ruwa yakan tafasa in zafinsa ya kai digiri 100. Amma murfin lagireto yana danne shi, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Watau ruwan nan a matse yake, kullum yana neman mafita. Inda ya fi samunta kuwa shi ne bakin tiyo, wurin da roba ta haɗu da bututun ƙarfe.

In mota ta tsufa, abu biyu ke faruwa a wurin. Na fari, zafi yakan busar da roba ta yi tauri, ta daina kama bututu. Na biyu, tsatsa takan ci wuyan bututun, ta bar ƙananan ramuka, ruwa ya riƙa bi ta cikinsu. Saboda haka ƙara ɗauri ba shi ne magani ba. In ka matsa da yawa ma, kilif ya yanke robar.

Yadda za ka gyara

Ka bari inji ya huce sarai tukuna. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa ya watso masa a fuska.

Ka tsiyaye ruwan a cikin daro. In akwai maganin sanyaya inji a ciki, ka kawar da shi daga yara da dabbobi, gama yana da zaƙi, amma guba ne.

Ka kwance kilif, ka cire tiyo. In ya manne, kada ka ɓanɓare shi da ƙarfi, don kada wuyan lagireto ya tsage. Ka tsaga robar da wuƙa a hankali, ka ɓare ta.

To, a nan aikin yake. Ka goge wuyan bututun da samfefa har ya yi sumul, ka shafa shi da yatsa. In ramukan sun yi zurfi, ko wuyan ya lanƙwashe, sai a sake shi, ko a kai wa mai gyaran lagireto. Sabon tiyo a kan cinyayyen bututu asarar kuɗi ce.

Ka sayi tiyo daidai girman na da. Ka jiƙa bakinsa da ruwan sabulu, ka tura shi har ƙarshe. Kada ka shafa mai ko giris, domin suna kumbura roba. A bakin bututu akwai ɗan tudu kamar zobe. Bayansa za ka sa sabon kilif, ba a kansa ba.

Ka cika lagireto, ka ta da inji har ya yi zafi iska ta fita. In ya huce ka ƙara ruwa, ka kuma ƙara ɗaure kilif kaɗan, gama sabuwar roba takan lotsa. Akwai kilif mai sifirin wanda ke matse kansa, ko da zafi ko da sanyi. Shi ba ya bukatar ƙarin ɗauri.

In yoyo ya komo

In ka yi duk wannan bai tsaya ba, laifin ba na tiyo ba ne, matsi ne ya yi yawa. Ka fara sake murfin lagireto, domin shi ya fi araha. Sa'an nan da safe, inji da sanyi, ka buɗe murfin ka ta da mota. In ka ga kumfa tana tasowa ba ta yankewa, alama ce gasket na kan inji ya ƙone, hayaƙi yana shiga cikin ruwa. Wannan aikin bakanike ne, kada ka jinkirta.

Bayan gyara, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare. In ka iske shi a bushe kwana uku a jere, aikinka ya yi kyau.