Hayar jirgin ruwa a tsibiran Seshel: Abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi

Idan aka haɗa tsibirai 115 na ƙasar Seshel, faɗinsu bai wuce murabba'in kilomita 455 ba. Amma ruwan tekun da ke ƙarƙashin ikonta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, wato ya ɗan zarce faɗin Jamhuriyar Nijar baki ɗaya. Shi ya sa wasu daga cikin baƙin da ke zuwa wannan ƙasa ta Tekun Indiya, waɗanda yawansu ya haura dubu 380 a shekarar 2019, ba sa kama ɗaki a otel. Jirgin ruwa mai tafiya da iska suke haya, a cikinsa su kwana, su dafa abinci, su riƙa wayar gari a gaban wani sabon tsibiri.

Mai kallon hotunan irin wannan hutu a Instagram ko TikTok kan ɗauka harkar attajirai ce zalla. A zahiri, jirgi ɗaya na ɗaukar mutum shida zuwa takwas, kuma abokai kan yi karo-karo su biya. Inda gizo ke saƙar shi ne, farashin da ke kan talla somin-taɓi ne kawai.

Haya iri huɗu

Iri na farko shi ne a ba mutum jirgi shi kaɗai, babu matuƙi. Kamfani ba ya yarda da haka sai ya ga takardar shaidar iya tuƙi da bayanin tafiye-tafiyen da mutum ya taɓa yi a teku. Na biyu, a haɗa masu haya da matuƙi, a riƙa biyansa kullum. Na uku, jirgi ya zo da matuƙi da mai dafa abinci, shi ne mafi tsada. Na huɗu kuwa, mutum ya kama ɗaki guda a jirgin da zai raba da wasu baƙi, kamar mai sayen tikitin kujera ɗaya a mota.

Ga wanda bai taɓa hawa teku ba, zaɓinsa yana tsakanin ukun ƙarshe. Mafi yawan jiragen haya a Seshel katamaran ne, wato jirgi mai gangar jiki biyu da aka haɗa da dandali a tsakiya. Ba ya karkata gefe kamar mai jiki ɗaya, kuma yana iya matsawa kusa da gaɓa inda ruwa ba zurfi.

Lissafin aljihu

Hayar katamaran mai ɗaki huɗu ta mako guda tana cin dubban Yuro, gwargwadon girman jirgi, shekarunsa da watan da aka zaɓa. A ɗauka, alal misali, an yi ciniki a kan Yuro 6,000. A canjin sefa 655.957 kan kowane Yuro, kuɗin ya kai miliyan 3 da jika 935. Idan mutum takwas suka raba, kowa zai ba da kimanin jika 492.

Daga nan sauran kuɗaɗe ke biyo baya. Akwai ladan matuƙi da abincinsa, wanda yake kan masu haya. A wasu jiragen ma ɗaki guda zai kama, sai masu raba kuɗin su ragu zuwa shida. Akwai man gazuwal, domin idan iska ta kwanta inji ake tayarwa. Akwai kuɗin wanke jirgi bayan dawowa, da kuɗin shiga gandayen ruwa da hukuma ke karewa, da harajin muhalli da gwamnati ta ɗora wa baƙi tun shekarar 2023, wanda ake lissafawa kan kowane mutum a kowane dare. Cefane ma yana da tsada, domin yawancin abincin ƙasar daga waje ake shigo da shi.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne kuɗin jingina. Kafin a miƙa jirgi, kamfani kan riƙe wasu dubban Yuro a katin bankin mai haya, idan an yi ɓarna a cire daga ciki. Ɗaukar matuƙi ba lalle ya sauke wannan nauyi ba, abin da ke rubuce a yarjejeniya shi ke aiki. Duk wannan ban da tikitin jirgin sama. Daga Yamai, Ethiopian Airlines na kai fasinja ta Addis Ababa zuwa Mahe, babban tsibirin da Victoria, fadar gwamnatin ƙasar, take.

Mako guda a kan ruwa

Galibin tafiye-tafiyen na farawa ne daga tashar Eden Island a Mahe, ko daga Baie Sainte Anne a tsibirin Praslin. Tsakanin Mahe da Praslin akwai kimanin kilomita 45, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, kuma ita ce doguwar tafiyar makon. Sauran tsibiran kusa suke da juna.

A Praslin ne dajin Vallée de Mai yake, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1983. Nan wani irin giginya da ake kira coco de mer ke tsirowa, mai ƙwallon da ya fi na kowace bishiya girma a duniya, wanda nauyinsa ke iya kai kilo 20. Ba a fita da shi daga ƙasar sai da shaidar hukuma. Tsibirin Curieuse, da ya kasance wurin killace kutare har zuwa 1965, yanzu manyan kunkuru ne ke yawo a cikinsa. A La Digue keke ne abin hawan kusan kowa. A Cousin, gandun tsuntsaye, ba a barin baƙo ya sauka da nasa kwale-kwalen. Ma'aikatan gandun ne ke zuwa su ɗauke shi, don kada ɓera ya shiga tsibirin.

Zaman jirgi na da nasa horo. Ruwan sha da na wanka a tanki yake, idan ya ƙare sai an koma tasha. Ɗakunan ƙanana ne, kuma jiri da amai kan kama sabon shiga a ranar farko. Mai sallah zai fuskanci arewa maso yamma, ya kuma riƙa duba alƙibla kowane lokaci, domin jirgin da ke kan anga juyawa yake yi da iska.

Iska da haɗari

Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas ke kaɗawa da ƙarfi, teku ya yi tsauri. Daga Disamba zuwa Maris ta arewa maso yamma ce, da zafi da ruwan sama. Afrilu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba ne teku ya fi kwanciya, su suka fi dacewa da sabon shiga. Manyan tsibiran ba sa kan hanyar mahaukaciyar guguwar Tekun Indiya, amma ruwa ba sa'an kwando ba ne: wanda bai iya iyo ba, ya sanar da matuƙi tun ranar farko, ya kuma riƙe rigar ceto.

Kamfanonin kan hana tafiyar dare, su kuma iyakance inda jirgi zai je. A watan Oktoban 2009, ƴan fashin teku na Somaliya sun kama wasu ma'aurata ƴan Birtaniya, Paul da Rachel Chandler, a jirginsu bayan sun bar Seshel zuwa Tanzaniya, suka riƙe su kwana 388. Hare-haren sun ragu ƙwarai daga baya, amma har yanzu jiragen haya a kewayen tsibiran ciki suke tsayawa.

Dokokin muhalli ma ba wasa. Ɗumamar ruwa ta 1998 ta kashe mafi yawan murjanin ƙasar, kuma a 2020 gwamnati ta sanya kashi 30 cikin ɗari na tekunta ƙarƙashin kariya. Ana sakin anga a kan rairayi, ba a kan murjani ba, kuma an haramta harbin kifi da bindigar mashi.

Kafin a tura kuɗi

Seshel ba ta neman biza, amma dole baƙo ya nemi izinin tafiya ta intanet kafin ya taso, ya nuna tikitin dawowa da shaidar masauki, wadda yarjejeniyar hayar jirgi kan tsaya a madadinta. Mai zuwa daga Nijar zai riƙe katin rigakafin cutar shawara. A 2023 hukumomin ƙasar sun taƙaita shigar masu fasfon Najeriya, don haka idan akwai mai irinsa a cikin tawaga, a fara samun izininsa kafin a biya komai.

Ana biyan wani kaso lokacin kama jirgi, sauran kuma makonni kafin tafiya, kuma wanda ya fasa a ƙurarren lokaci kan yi asarar abin da ya bayar. Don haka a karɓi rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da sunan jirgi, kwanakin haya, adadin jingina, abin da farashin ya ƙunsa da sharuɗɗan fasawa. A biya ta asusun kamfani, kada a tura wa wani mutum ta waya. Su ma abokan tafiyar su rubuta tsakaninsu, tun kafin kowa ya fitar da sefa ɗaya, wa zai cike gurbin wanda ya janye, da yadda za a raba asara idan kamfani ya taɓa kuɗin jingina.