Masu Cin Rani Da Masu Gayya A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da a ke ƙerawa kamar ɗaki. A cikinta akwai gado, da murhu, da makewayi, da tankin ruwa, har da tagogi masu labule. Da yawa daga cikin masu ita dattawa ne waɗanda suka gama aiki suna cin fansho. Da sanyi ya kama a jihohin arewacin ƙasar, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai mutum ya kulle gidansa, ya ɗauki matarsa, su nufi kudu inda ke da ɗumi, watau Arizona ko Teksas ko Fulorida. Abokai kan yi ayari, mota na bin mota, inda dare ya yi musu nan ne zango. Akwai wani ɗan gari a hamadar Arizona, Quartzsite, wanda kowane watan Janairu dubban motocin nan kan taru a kewayensa, har ya zama kamar babbar kasuwa. In bazara ta zo a watse.

Ba yawon ne ya sa muka kawo zancensu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne waɗansunsu ba su kan zauna hannu rabbana a inda suka sauka ba. Tun 1970 Gwamnatin Amurka ta yi doka wadda ta ba mutane damar yin aikin sa kai a gandayen dajinta. Mai mota ya kan zo a ba shi wurin ajiye ta, wani lokaci har da ruwa da lantarki, shi kuwa ya riƙa share sansani, yana gyara hanyoyin ƙafa, yana karɓar baƙi, wata biyu ko uku, ba albashi. Akwai kuma ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976 don gina wa marasa ƙarfi gidaje. Masu motocin nan kan je inda ta ke gini su yi mako biyu suna kafa katako da shafa fenti. Tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter ma ya yi shekaru yana riƙe guduma tare da ita, tun daga 1984.

Mai karatu ya iya cewa wannan ai sha'anin wanda ya ƙoshi ne. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma a dubi abin da kyau. Mutum ya bar gida sa'ad da shekara ta juya, ya tafi da abokansa, ya yi wa jama'a aiki ba don lada na kuɗi ba. Duk wanda ya san ƙasar Ƙaraye da Rogo, can yammacin Jihar Kano wajen iyakar Katsina da Zazzau, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Tafiyar muna kiranta cin rani, aikin kuwa gayya. Bambancin shi ne, wurinsu mai tafiyar shi ne mai aikin. Wurinmu kuwa tafiyar ce ta ke kwashe masu aikin.

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Daga watan Yuni zuwa Satumba manomi ba shi da lokacin kansa. Kaka ta zo a karya masara, a girbe dawa, a yanke shinkafa, a roro wake, a yi sussuka, a cika rumbu. To, daga nan fa sai me? Akwai wata shida a gaba, ga baki da yawa a gida. Tun kakanni dabarar ita ce samari su fita, domin wanda ya ci tuwon wani gari ya rage wa rumbun gidansu nauyi. Sunan ma ya faɗi ma'anarsa: a ci rani a wani wuri, hatsin gida ya kai damina. Ba ƙaramin al'amari ba ne a Arewa. A ranin 1952 zuwa 1953 an tsaya a kan hanyoyin Lardin Sakkwato an ƙidaya masu wucewa neman aiki, aka sami mutum fiye da 250,000, a rani guda.

Mai cin rani ba ya tafiya shi kaɗai. 'Yan unguwa guda kan haɗu, biyar ko goma, da wani babba wanda ya san hanya, ya kuma san mai masauki. A da da ƙafa a ke tafiya, da tabarma da gora da ɗan garin fura. Yanzu a bayan babbar mota, bisa buhunan masara ko tare da shanu. Wani ya tsaya birnin Kano ko Zariya, wani Kaduna ko Abuja, mai dogon zango sai Ikko ko Fatakwal. Can a yi ga-ruwa, a yi dako, a tura baro, a yi gadi, a yanke farce, a sayar da rake. Ɗaki guda a ke kamawa a kwana kamar ashana, tukunya guda a ke ɗorawa. Wanda ya kwanta ciwo 'yan'uwa su yi masa karo-karo su sa shi mota. Irin amincin da a ke ƙullawa a wannan zama ya kan kai mutane har tsufa, har su haɗa 'ya'yansu aure. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas kuwa, sai kowa ya ɗaure kaya, da ɗan kuɗin taki, da turmin atamfa, da rediyo ko wayar hannu.

In kuwa gida mai tafiya a ke magana, Fulani sun riga mai mota. Su ne ke naɗe tabarmi, su ɗora ƙore da 'yan yara a kan takarkari da jakuna, su sauka a gonar da aka girbe, su kafa bukkoki kafin rana ta faɗi. Manomi a da har goro ya kan kai wa Arɗo don a yi masa zaman taki. Burtali ya ƙuntata yanzu, wannan hulɗa ta yi sanyi a wurare da yawa.

Mu dawo kan gayya, don ita ce zuciyar maganarmu. Gayya iri biyu ce. Akwai ta gona, wadda a ke yi da damina. Mai gona ya kai goro wurin Sarkin Noma ko Sarkin Samari, a sa rana. Da sassafe samari su fito da fartanya da garma, makaɗi na bin su da gangar noma yana zuga kowa da kirarinsa, 'yan mata na kawo fura da kunu. Abin da mutum guda zai yi mako biyu yana yi, kafin azahar an tashi. Saurayi mai neman aure ya kan kwashi abokansa ya kai gonar surukai. Tsohon da ba shi da ɗa, da matar da mijinta ya rasu, su ma a kan nome musu don Allah.

Ta biyu ita ce gayyar gari, ita kuwa ta rani ce, domin aikinta ba ya yiwuwa sai ƙasa ta bushe. Da rani a ke yashe rijiya, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa. Da rani a ke buga tubali, a yaɓe masallaci, a ɗaga katangar makabarta, a cike zaizayar da ta ci hanya, a gyara kadarko, a yi baibayar ɗakin makaranta. Garuruwa masu ganuwa, irin Ƙaraye, da wannan hanya su ke gyara ta zamanin yaƙe-yaƙe, kowace unguwa da nata yanki. Mai unguwa ya sa a yi shela da dare, gari ya waye kowa ya fito da abin da ya ke da shi, mai diga da diga, mai kwando da kwando, mai hali ya ɗauki nauyin tuwo. Wanda ya ƙi fita ba a kai shi gaban alƙali. Ran da jinkarsa ta tashi ɗauka, a ranar zai gane kurensa.

Ya kamata mu faɗi wani abu da ya ɓata wa gayya suna. Zamanin Turawa an sha fakewa da ita a sa talakawa aikin tilas, na hanya da na bariki da ɗaukar kaya. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. Tun daga nan talaka ya koyi tambaya, in an ce a fito aiki: na wa ne? Tambayar tana nan har yau, kuma a ganinmu tana kan hanya. Gayyar da za ta gyara hanyar gonar mai kuɗi kaɗai, ko wadda ɗan siyasa zai zo a ɗauki hotonsa a ciki ya tafi, ba ta cancanci sunan ba.

Gayyar gona ta ja baya, dalilin kuwa a fili ya ke. Maganin feshi ya rage noman ciyawa, garmar shanu da tarakta sun rage huɗa, abin da ya saura ƙodago ya ɗauka. Ciyar da mutum talatin ya fi biyan mutum biyar tsada. Wannan ba mu yi masa kuka ƙwarai ba, zamani ne. Wadda ta dame mu ita ce gayyar gari, don babu injin da ya maye gurbinta, kuma lokacinta ya faɗo daidai da lokacin da majiya ƙarfi ba su nan. A da mai cin rani wata uku ko huɗu ya ke yi. Yanzu wani ya kan tafi tun ba a gama sussuka ba, wani kuma in ya sami babur ko rumfa a birni sai dai ya aiko da kuɗin noma, a gan shi da Sallah. Ƙauye ya rage daga tsofaffi sai mata da yara.

Amma ƙasar Ƙaraye tana da abin da wasu ba su da shi, watau ruwa. A 1992 aka gama madatsar ruwa ta Calawa, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayin bangonta mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8. Ta ci gonaki da gidaje, an ta da ƙauyuka, waɗanda abin ya shafa ba su manta ba. Duk da haka ta kawo su da noman rani a bakin ruwa. A wajen Turawa (sunan gari ne, ba Nasara ba) mutum zai ga jirage da komaye da masu sayen kifi, ya ga fadamun albasa da tumatir da masara. Wanda ya sami ɗan fili da injin ban ruwa ba shi da dalilin zuwa Ikko tura baro. Har ma abin ya juya, masunta daga wasu wurare su ke zuwa cin rani nan.

Akwai kuma waɗansu baƙi. A Kusalla, kusa da garin Ƙaraye, nan ne sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano. Tsarin nan Janar Yakubu Gowon ya kafa shi a 1973, bayan yaƙin basasa. Samari da 'yan mata da suka gama jami'a, Yarabawa da Ibo da Tibi da sauransu, kan yi mako uku a can suna fareti, sa'an nan a rarraba su makarantu da asibitoci shekara guda, da rana guda a kowane mako ta aikin raya jama'a. Nasu dai ba sa kai ba ne, doka ce. Amma cikinsu akwai injiniyoyi da likitoci, kuma kaɗan ne ƙauyukan da suka taɓa tunanin gayyatarsu ranar aikin gari.

Tun da aka sāke dokar masarautu a 2024, Masarautar Ƙaraye ta ƙunshi Ƙananan Hukumomin Ƙaraye da Rogo kaɗai. Ƙasa ce da hakimai da dagatai za su iya zagayawa ba wahala. Shawararmu gare su ita ce a daina jiran tsakiyar rani kafin a yi shelar gayya. Akwai 'yan makonni bayan an kai amfani gida, kafin samari su ɗaure kaya. Akwai kuma kwanakin Sallah, sa'ad da kowa ya dawo. Tun kaka mai unguwa ya zauna da dattawa da shugabannin samari, a rubuta aikin da ya fi matsa wa gari, guda ɗaya ko biyu, a sa rana kowa ya sani. Waɗanda ke can Kano da Abuja da Ikko, tun da suna da ƙungiyoyinsu na 'yan gari ɗaya, a gaya musu buhun siminti nawa a ke so, in an saya a karanta lissafin a ƙofar masallaci ranar Jumma'a. Ƙaramar Hukuma kuma ta ba da aron tifa da kwalbati, kada ta ce sai ta ba da kwangila. A Zarewa ne ko Zoza, a Yammedi ko Tudun Kaya, mashigin da ba a gyara ba kafin ruwan farko, shi ne zai hana motar taki shigowa a watan Yuni, ya kuma hana mai naƙuda kaiwa asibiti a watan Agusta.