Ibrahim El-Salahi: Mai Zanen Da Ya Mai Da Kwalin Magani Allo

Cikin watan Oktoba na shekarar 2022 aka buɗe wani nuni a gidan zane-zane na The Drawing Center da ke birnin New York ta ƙasar Amurka, inda aka baje ƙananan zane-zane fiye da 100. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne, a kan kwalayen magani da tsofaffin ambulan aka yi su. Mai zanen kuwa wani dattijo ne ɗan ƙasar Sudan, Ibrahim El-Salahi, wanda a lokacin yake da shekara 92 da haihuwa. Magungunan da suka zo cikin kwalayen nan nasa ne, kuma zanen da ya yi a kansu shi ne ya riƙa ɗauke masa hankali daga zafin ciwo.

Wannan shi ne karo na biyu da alƙalami ya fid da shi daga ƙunci. Karo na farko a kurkuku ne, shekara 47 kafin wannan nuni.

Daga makarantar allo

An haifi El-Salahi a Omdurman cikin 1930. Mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, saboda haka a kan allo yaron ya fara jan layi da tawada, a nan kuma ya fara ganin irin adon da ake yi wa allon ɗalibi, wanda a ƙasar Hausa ake kira zayyana. Bayan ya koyi zane a Khartum, sai aka tura shi makarantar Slade da ke Landan, inda ya zauna daga 1954 zuwa 1957 yana koyon yadda Turawa ke zana mutum da gari da daji kamar a hoto.

Da ya komo gida ya baje aikinsa, sai ya tarar mutanen ƙasarsa ba su damu da shi ba. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya shiga bincike ya ga mene ne mutanen nan suke ratayewa a ɗakunansu. Abin da ya samu shi ne ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, da adon tabarma da na fata da na ƙwarya. To, daga nan ne ya sake hanya. Ya ɗauki harafin Larabci ya riƙa miƙe shi, yana lanƙwasa shi, yana raba shi gunduwa-gunduwa, har ya daina karantuwa, sai layi da fili kawai suka rage. Daga cikin layukan nan wani lokaci sai wani abu mai kama da fuska ko tsuntsu ko tsiro ya ɓullo, wani lokaci kuwa babu kamar komai.

Irin wannan shi ne zanen da ba ya kwaikwayon siffar abin da ido ke gani. Mai yin sa yana dogara ne ga layi da launi da yadda suka zauna da juna, kamar yadda mai kiɗa yake taɓa zuciya ko da babu waƙa a kai.

Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka gane darajar aikin nan, domin cikin 1961 aka nuna shi a ƙungiyar Mbari da ke Ibadan. Shekara uku kafin nan, watau cikin 1958, waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya da irin wannan manufa, ta haɗa abin da aka koyo daga Turai da abin da aka gada a gida.

Kurkukun Kobar

Cikin watan Satumba na 1975 waɗansu hafsoshin soja suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Shugaba Ja'afar Numairi, amma ba su ci nasara ba. A lokacin El-Salahi babban ma'aikaci ne a ma'aikatar al'adu ta ƙasar. Aka zarge shi da hannu cikin al'amarin, aka kai shi kurkukun Kobar, inda ya yi wata shida da kwana takwas ba tare da an gurfanar da shi gaban shari'a ba.

Dokar gidan ta hana ɗaurarre riƙe takarda ko abin rubutu, wanda aka kama kuwa sai a kulle shi shi kaɗai. Duk da haka ya samu ɗan guntun fensir ya ɓoye. Takardarsa kuwa ita ce ta buhun siminti, wadda yake yayyagawa ƙanana-ƙanana, ya yi zane a kan guda, idan ya ji motsin gandiroba ya binne ta cikin yashi. Da yake takardun ƙanana ne, sai ya fara da ɗan ƙwayar zane a guda ɗaya, sa'an nan ya ci gaba da shi a kan ta kusa da ita, zanen yana yaɗuwa kamar yadda iri ke fid da saiwa da reshe.

Dabarar da tilas ta koya masa ita ce ta zama hanyar aikinsa daga baya. Babban zanensa mai suna The Inevitable, wanda ya yi tsakanin 1984 da 1985, falle tara ne aka jera suka zama abu guda.

An sake shi cikin Maris na 1976, amma aka yi masa ɗaurin talala a gida. A nan ne ya cika wani ɗan littafi da zane da rubutu na baƙar tawada a kan abin da ya gani a Kobar, domin ya fid da ɗacin abin daga zuciyarsa kada ya zauna masa. An buga littafin cikin 2018. Shi kuwa ya bar Sudan cikin 1977 ya koma Katar, daga bisani cikin 1998 ya zauna a Oxford ta Ingila.

Itacen gawo

Yana zaman baƙunta ne ya duƙufa a kan jerin zane-zane na wani itace da ke tsirowa a bakin kogin Nil, wanda Sudaniyawa ke kira haraza. Manomin ƙasar Hausa ya san itacen nan sarai, domin shi ne gawo, mai kakkaɓe ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya kuma yi ganye da rani lokacin da daji ya bushe. Wannan hali na itacen shi ne ya burge mai zanen. Amma wanda ya duba zanen ba lalle ya ga reshe ko ganye ba. Abin da zai gani a yawancinsu shi ne layi miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama, da waɗansu siraran layuka a jere suna gitta shi.

Cikin 2013 gidan Tate Modern da ke Landan ya tattara aikinsa na fiye da shekara 50 ya nuna, kuma shi ne mai zane na farko daga Afirka da gidan ya yi wa irin wannan karramawa.

Kwalin magani

Da tsufa ya kama, sai ciwon baya ya sa shi gaba, irin wanda ke bin jijiya daga ƙugu zuwa ƙafa, ga kuma ciwon karkarwar jiki da likitoci ke kira Parkinson. Tsayuwa gaban babban zane ta gagara. Daga 2016 sai ya riƙa zama a kujerarsa, ya warware kwalin maganin da ya ƙare, ya shimfiɗa shi, ya bi shi da alƙalami. Wurin da kwalin ya karye da inda aka lanƙwasa shi su ne suke nuna masa inda layi zai bi.

Ya sha bayyana cewa muddin yana zane, hankalinsa yakan bar jikinsa ya koma kan layin, har ya manta da ciwon. An kuma san shi da yin salla kafin ya fara aiki, domin a wurinsa natsuwar da ake bukata wajen aikin ’yar'uwar natsuwar ibada ce. Zanen dai bai warkar da jijiyar ba, bai kuma ajiye maganin likita ba, shaida kuwa ita ce kwalayen da suka ci gaba da taruwa. Abin da zanen ya ba shi shi ne sa'o'in hutu, da kuma tabbacin cewa har yanzu hannunsa yana da amfani.

Sau da yawa akan ɗauka irin wannan zane na Turawa ne, alhali kuwa duk wanda ya zaga unguwar Majidaɗi a Jalingo, ko cikin birnin Kano ko Zariya, zai gan shi a hula da wuyan riga da allon mai sauka. Dagin da magina ke yi a fuskar soro bai yi kama da komai ba, amma kowa ya san ya yi kyau. Mai jinya da ya daɗe a kwance, da wanda tashin hankali ya raba da gidansa, suna da dogon yini da tunani mai nauyi. Kayan aikin da El-Salahi ya fuskanci irin wannan yini da su ba su wuce guntun fensir da takardar siminti da kwalin magani ba, kuma babu gidan da ya rasa su.