Uwar Gida a Ƙasar Masu Haƙar Kwal

 Wannan mako zancen silima na kawo muku, amma ba don nishaɗi kaɗai ba. Akwai wata tsohuwa a cikin wasan da na ke so mu dube ta tare, domin tun ran da na gan ta na kasa yanke mata hukunci ɗaya.

Sunan wasan How Green Was My Valley, watau mutum ne ya ke tuna yadda kwarin garinsu ya ke kore shar a da. A Amurka aka yi shi cikin 1941, John Ford ne ya shirya shi, daga littafin da Richard Llewellyn ya fitar cikin 1939. Labarin kuwa na ƙasar Wels ne, wadda ta ke yamma da Ingila, a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya. Da ya ke ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ba a iya zuwa Wels ɗaukar hoto ba, sai aka gina ƙauyen ɗungum a kan duwatsun Kalifoniya. Ya ci lambar girma ta Oscar har guda 5, ciki har da ta wasan da ya fi duka a shekararsa.

A wancan zamani kudancin Wels ƙasar kwal ce. Cikin 1913 mutum fiye da 200,000 su ke aiki a ramukanta, kuma cikin wannan shekara ramin Senghenydd ya fashe, mutum 439 suka halaka rana ɗaya. To, ku riƙe wannan a zuci, don ku san irin wurin da matan ƙasar su ke sallamar mazansu kowace safiya.

Gidan da a ke ba da labarinsa na wani dattijo ne, Gwilym Morgan, da matarsa Beth. 'Ya'yansu maza shida, biyar suna shiga rami tare da uban, sai autansu Huw wanda ya ke ba da labarin, da 'ya mace ɗaya, Angharad. Ran biyan albashi Beth ta kan zauna bakin ƙofa ta shimfiɗa ƙyallen girkinta a cinya, mazan su shigo a jere, baƙi ƙirin da ƙurar kwal, kowa ya zuba mata kuɗinsa tun daga maigida har ƙarami. Sa'an nan su wuce bayan gida inda aka jera musu baho da ruwan zafi. A silima abin gwanin sha'awa ne, ana waƙa ana dariya. Amma ke da ki ka san ɗora ruwa, lissafa tukunya nawa za ta yi wa ƙarti shida wanka kowace rana ta Allah, ban da wankin tufafi da girki. Masu ɗaukar hoto sun wuce wannan da sauri, mu kuwa bai kamata mu wuce ba.

Daga nan sai masu rami suka rage albashi. Samarin suka ce a kafa ƙungiya, uban ya ce shi bai yarda ba, har suka kwashe kayansu suka bar gida. Aka shiga yajin aiki mako 22, har lokacin sanyi ya kama, yunwa ta sa mutanen gari suka juya kan dattijon suna jifar gidansa. Nan ne Beth ta nuna ko ita wace ce. Ta fita da dare cikin ƙanƙara, ƙaramin ɗanta na biye, ta hau dutse inda maza su ke taro, ta tsaya gabansu ita kaɗai ta yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa mijinta, da hannunta za ta kashe shi. Wajen komowa suka faɗa rafi mai tsananin sanyi, yaron ya tallafe ta har aka zo ceto. Wannan ya kwantar da shi wata da watanni bai iya taka ƙafa ba. A kwancen nan ne malamin majami'arsu, Mista Gruffydd, ya sa shi karatun littattafai, har ya zama na farko a gidan da ya tafi makarantar gwamnati.

To, ga inda ni da Beth mu ka rabu. Akwai wani dare da a ke koya wa Huw lissafi, irin tambayar nan ta baho mai huji, ana zuba ruwa ta sama yana zurarewa ta ƙasa, yaushe zai cika? Beth ta yi ta ba'a, wai wane marar hankali ne zai zuba ruwa cikin baho mai huji. Kowa ya kan yi dariya a nan, ni ma na yi, don matar da ta ɗebi ruwa shekara talatin tana da gaskiyarta. Amma yaro yana ji. Sa'ad da ya ci jarrabawa, hanya ta buɗe ya zama likita ko lauya, uban yana ta murna, sai Huw ya ce shi rami zai shiga. Uban ya yi baƙin ciki ƙwarai. Uwar kuwa ta goya wa yaron baya, a ganinta aikin da ya ishi ubansa da yayyensa ba abin ƙyama ba ne. Alhali a lokacin nan rami ya riga ya kashe mata babban ɗanta Ivor, ran da matarsa ta haihu.

Ban ɗora mata laifin duka ba. Makarantar da aka kai yaron ba ta yi abin da za a so ta ba. Malamin ajinsa ya raina shi tun ran farko don shi ɗan masu haƙar kwal ne, ya mai da shi abin dariya gaban yara, daga baya ya zane shi da sanda har bayansa ya farfashe. Uwar da aka yi wa ɗanta wannan rauni, da wane baki za ka gaya mata makaranta gata ce? Mu da aka koya wa aikin malanta, wannan wuri namu ne, kada mu kau da kai. Yaron da aka kunyata saboda sana'ar ubansa, ya kan zaɓi uban ya bar littafi, kuma ba shi kaɗai za a rasa ba, har da ƙannen da ke bayansa.

Duk da haka, ku duba abin da rami ya saka mata da shi. Biyu daga cikin 'ya'yan suka rasa aiki bayan yajin, suka tafi Amurka. Wasu biyu aka sallame su don sun fi kowa albashi, ga masu yunwa a ƙofa da za su karɓi ƙasa da haka, su ma suka ƙetare teku. Angharad tana son Mista Gruffydd, shi kuwa ya ƙi aurenta don kada ya ja ta cikin talauci, aka ba da ita ga ɗan mai rami, ya tafi da ita Afirka ta Kudu. Da ta komo ita kaɗai, matan gari suka sa ta a baki da tsegumin abin da ba ta aikata ba. Huw ya ɗauko taswira ya ja layi yana nuna wa uwar inda kowane ɗa ya ke, ta ture, a wurinta duk suna nan cikin gida. Cinyar da ta ke karɓar albashin mutum shida ta koma ta mutum ɗaya ko biyu. Ƙarshenta jiniya ta yi kuka, rami ya rufta, Huw da kansa ya sauka ya sami ubansa ƙarƙashin dutse, ya cika a hannunsa, Beth na tsaye a bakin rami tare da sauran mata.

Wani abu kuma da za ku lura da shi cikin wasan shi ne baƙin jujin da a ke fitarwa daga rami a tara bisa dutse, kullum yana ƙara girma a kan ƙauyen. Wannan ba ƙagen silima ba ne. Ran 21 ga Oktoba 1966, a ƙauyen Aberfan, irin wannan tsibi ya sha ruwan sama ya gangaro da safe ya binne makarantar yara da gidaje. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Ramin kwal mai zurfi na Tower, wanda ma'aikatansa suka saya da kuɗinsu suka sake buɗe shi, shi ma an rufe shi cikin Janairu 2008.