Hanyar Da Insulin Ke Bi A Cikin Jikinka

Idan likita ya ce kana da ciwon sukari, ka kan ji umarni uku: yi allura ko sha magani a kan lokaci, ajiye insulin a wuri mai sanyi, ka riƙa motsa jiki. Da yawa sukan bi na kwana biyu su bari, domin ba su san dalili ba. Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar jikinka.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar babban gida take, mai katanga da ɗakuna, kowane ɗaki da aikinsa. Akwai ɗakin da ake ajiye umarni, akwai inda ake haɗa kaya, akwai inda ake ɗaure su a tura. Kayan nan su ake kira furotin, kuma insulin ɗaya ne daga cikinsu.

A bayan tumbinka akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Wasu ƙwayoyi a cikinta su ke yin insulin. Da farko ana haɗa shi kamar dogon zare, a naɗe shi a ɗakin haɗa kaya. Daga nan a sa shi cikin ƴan jakunkuna a kai shi ɗaki na gaba, wanda wani likitan Italiya, Kamilo Golji, ya gano a 1898. Wannan ɗaki kamar tasha yake: a nan ake ware kaya, kowanne a tura shi inda za shi. Insulin ya shiga sababbin jakunkuna, a datse shi daidai, a ajiye kamar hatsi a rumbu. Da ka ci tuwo ko ka sha fura, sukari ya hau a jini, sai jakunkunan su matso bakin katanga su buɗe, su zuba insulin cikin jini.

To me insulin ke yi? Ƙwayoyin tsokarka suna bukatar sukari don ka samu ƙarfi, amma sukari ba ya ratsa katanga sai ta ƙofa. Yawancin ƙofofin nan suna ajiye a ciki, su ma cikin jakunkuna. Idan insulin ya yi sallama, sai a fito da su a kafa a katanga, sukari ya shiga.

Ciwon sukari iri biyu ne. A na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, ƙwayoyin da ke yin insulin sun lalace. A na biyu, wanda ya fi yawa ga manya, insulin yana sallama amma ba a amsawa sosai, har fankiriyas ta gaji. A duka biyun sukari yana taruwa a jini, tsoka kuwa tana yunwa. Shi ya sa kake yawan fitsari da ƙishirwa, kana ci kana ramewa. Idan aka yi sakaci, ya kan taɓa ido, ƙoda da ƙafafu.

Yanzu ga dalilan umarnin nan.

Allura. Insulin furotin ne kamar nama. In ka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kafin ya kai jini. Kafin a samo shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da iri na farko ba ya daɗewa. A watan Janairu 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya rayu. Mai iri na farko kada ya daina allura ko da ya ji sauƙi.

Sanyi. Zafi yana lalata naɗin furotin, kamar yadda ƙwai ke sakewa a wuta. In babu firiji, sa kwalbar a cikin gwangwani mai murfi, ka binne shi a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa, a inuwa. Kada ya sha rana, kada kuma ya daskare.

Motsi. Idan tsoka tana aiki, ita da kanta takan fito da ƙofofin sukari. Tafiya a ƙasa, noma da daka duk suna rage sukari a jini. Amma in kana allura, riƙe ɗan sukari ko dabino a aljihu. Da ka ji rawar jiki, gumi ko jiri, ka ci nan take, ka kuma gaya wa likita.

In kana da alamun da muka ambata kuma ba a taɓa auna ka ba, je asibiti mafi kusa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara dubawa.