Tsakanin Sujada Da Teburin Ofis: Yadda Ma'aikaci Kirista Ke Neman Kusanci Da Allah A Abuja

Kafin ƙarfe shida na safe, titin da ya taso daga Masaka ya ratsa Mararaba da Nyanya zuwa cikin Abuja ya riga ya cika maƙil. Da yawa daga cikin mutanen da ke cikin motocin ma'aikatan gwamnatin tarayya ne masu son isa ofis kafin ƙarfe takwas. Haka lamarin yake ta ɓangaren Suleja da Kubwa, haka kuma a hanyar Gwagwalada. Wanda ya bar gida da duhu ya kuma dawo da duhu, abin da kan fara salwanta a rayuwarsa shi ne lokacin da yake keɓewa shi kaɗai da Ubangijinsa.

Ga Kirista mai son girma cikin bangaskiya, wannan rashi ne babba, ko da yake ba a saurin ganinsa. Majami'u ba su yi ƙaranci a babban birnin ba. Akwai sujadar Lahadi, da taron addu'a na tsakiyar mako, da addu'ar kwana a daren Juma'a, ga kuma zumuncin ma'aikata da ake yi a wasu ma'aikatu lokacin hutun rana. Sai dai malaman ikilisiya sun daɗe suna bambanta yawan halartar taro da kusanci da Allah. Mutum na iya samun kujerarsa a kowane taro, amma halinsa yana nan inda ya bar shi shekara goma da suka wuce.

Ma'aikatan fada a cikin Littafi Mai Tsarki

Matsalar ba sabuwa ba ce, domin wasu daga cikin mutanen da aka fi sani da addu'a a Tsohon Alkawari ma'aikatan gwamnati ne. Daniyel yana ɗaya daga cikin manyan jami'ai uku da Sarki Dariyus ya ɗora a kan hakimai 120. Duk da nauyin da ke kansa, ya tsayar da lokuta uku a kowace rana don yin addu'a a ɗakinsa. Abin lura a labarin shi ne, da abokan aikinsa suka so kayar da shi, sun fara ne da binciken aikinsa, suka rasa ko da ha'inci ɗaya ko sakaci. Da hakan ta faskara ne suka koma kan addu'arsa.

Nehemiya kuwa mai shayarwa ne a fadar Sarki Artashate na Farisa, wato irin wanda a yau za a kira na hannun daman shugaba. Ranar da sarki ya tambaye shi abin da yake bukata, ya yi gajeriyar addu'a a zuci kafin ya buɗe baki. Wannan addu'ar ta ɗan lokaci tana da tushe, domin ya shafe kwanaki yana azumi da roƙo tun da ya ji labarin rushewar garun Urushalima, kuma kusan wata huɗu suka shige kafin damar magana ta zo. Daga baya, da ya zama gwamnan Yahuza, ya yi shekara 12 bai karɓi abincin da aka saba ware wa gwamna ba, saboda ya ga talakawa na cikin ƙunci.

A wurin mutanen nan biyu, ɗakin addu'a da ofis ba su rabu ba. Abin da aka shuka a ɗaya shi aka girba a ɗayan.

Hanyoyin da magabata suka bari

Tushen girman Kirista shi ne karanta Littafi Mai Tsarki, kuma masu jin Hausa sun daɗe da samunsa a harshen da suke tunani da shi. An buga cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi tare da abokan aikinsa. Da ita ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suka reni zuriya bayan zuriya. Yau littafin yana cikin wayar hannu, har da na saurare. Abin da ya rage shi ne yadda ake karanta shi.

A ƙarni na 12, wani shugaban gidan sufaye a Faransa mai suna Gigo ya tsara karatun a matakai huɗu: a karanta ɗan gajeren sashe a hankali, a yi bimbini a kansa, a mai da shi addu'a, sannan a yi shiru a gaban Allah. Hikimar tsarin ita ce ba ya bukatar surori da yawa. Aya biyar da mutum ya tauna da kyau sun fi sura biyar da ya haɗiye da gaggawa, kuma minti goma sha biyar sun isa. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga wanda aiki ya cinye yininsa, akwai darasi a rayuwar Ɗan'uwa Lawrence, tsohon soja da ya yi shekaru yana dafa abinci a wani gidan sufaye a Faris, ya rasu a 1691. Bai kasance mai son aikin girki ba, amma ya koya wa kansa yin magana da Allah yana tsakiyar wanke tukwane, har ya kai ga lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a wurinsa. Abin da ya yi a madafa, magatakarda zai iya yi a gaban kwamfuta, direba kuma a cikin cunkoson motoci.

Da dare kuma akwai binciken zuciya, wanda Ignatiyus na Loyola ya koyar a ƙarni na 16, kuma Katolika da dama ke yi har yau. Mutum ya gode wa Allah, ya bi yininsa daga safe zuwa dare, ya ga inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya nemi gafara, ya roƙi alheri don gobe. Ga ma'aikaci, tambayoyin a fili suke: wane fayil ya kwana a teburinsa ba dalili, wa ya yi wa tsawa, a kan me ya sa hannu.

Idan fari ya zo

Akwai lokacin da addu'a kan bushe, mutum ya ji kamar da bango yake magana. Wasu kan ɗauka sun yi zunubi ne, wasu kuma su fara yawo daga wannan majami'a zuwa waccan suna neman inda za su sake jin ɗumi. Tarihin ikilisiya ya nuna cewa irin wannan fari yakan sami har waɗanda suka yi nisa. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata, waɗanda aka wallafa a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun bayyana cewa ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, amma ba ta daina addu'a ko hidimar matalauta ba. Zabura ma cike take da koke-koken bayin Allah da suka ji kamar an manta da su.

A irin wannan lokaci ne zumunci ke nuna amfaninsa. Ƙungiyoyi kamar Zumuntar Mata da ƙananan tarukan nazari na gida-gida suna ba mutum waɗanda za su lura idan ya yi sanyi. Fasto ko dattijon da aka amince da shi, wanda za a iya gaya wa gaskiya ba tare da tsoron tonon asiri ba, ya fi taro mai dubban mutane amfani ga zuciyar da ta gaji.

Inda ake auna zurfin

Labarin zuciya a tambayi fuska. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya umarce su kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma ya ce su daina ƙwace su gamsu da albashinsu. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya karɓi Yesu a gidansa, alamar tubarsa ta fito ne a aljihunsa: ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

A nan ne maganar ta fi zafi ga ma'aikacin yau. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuɗin mota da na haya sun yi tashin gwauron zabi, ga 'yan'uwa a ƙauye suna jiran aike. A cikin wannan hali ne ɗan kwangila kan miƙo na goro, ko maigida ya turo takardar da ƙasa da ita ba ta da gaskiya. Wanda ya ƙi zai iya rasa tafiyar da ke da alawus, ko a mai da shi sashen da ba kowa, ko ƙarin girmansa ya yi jinkiri. Bangaskiyar da ba ta da saiwa takan karye a irin wannan rana, komai ƙarfin muryar mai ita a ranar Lahadi.

Shi ya sa minti goma sha biyar na asuba suke da daraja fiye da yadda ake zato. Tsohon da ya taso daga Yola ko Kafanchan yana bin haƙƙinsa na fansho bai san ko jami'in da ke gabansa ya yi addu'a da safe ba. Abin da zai sani kawai shi ne ko an ba shi kujera, an saurare shi, an kuma tura fayil ɗinsa gaba a ranar ba tare da an nemi komai a hannunsa ba.